Faɗan da Aka Yi a Falona Kan Jirgin Yara

Gidan da muka kama haya a unguwar Glenwood, can ƙasar Turawa, ɗan ƙarami ne na katako, ciki biyu da falo. In mutum ya taka da ƙarfi a kicin, sai kofunan da ke kan kanta su kama kaɗawa. Mu huɗu ne a ciki: ni, da maigidana da ke karatun digiri na uku a jami'ar da ke kusa da mu, da 'yarmu mai shekara huɗu, sai yayana uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya biyo mu daga gida bayan shekara biyu ya sami aiki a wata masaƙa. A tsakiyar shekarun casa'in ke nan.

Kafin mu taho, maigidana malamin sakandare ne, kuma shi ne mai ladabtar da ɗalibai a makarantar. Da wannan hali ya hau jirgi ya sauka. Yana da wata baƙar bel ta fata da bai taɓa ɗaurawa a wando ba, a bayan ƙofar ɗakinmu take rataye. In yarinya ta zubar da madara, bel. In ta amsa masa da Turanci bayan ya yi mata magana da Hausa, bel. Ni ma ya taɓa marina sau biyu, kuma sau biyun na ce wa masu tambaya ƙofar kabad ce ta buge ni.

Yayana kuwa ba shi da yawan magana. Ƙato ne, hannuwansa kamar faranti, kuma babu haƙora biyu a gefen bakinsa na hagu. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana gyaran birkin jirgin ƙasa a gida. Abin da na sani a lokacin shi ne an yi haɗari a wata gangara, aka kama shi, ya kwana ashirin da wani abu a tsare, ya fito babu haƙoran nan kuma babu aiki. Ba ya son a tambaye shi, mu ma ba ma tambaya.

Akwai wani shiri na yara da ake nunawa a talabijin bayan la'asar, na jiragen ƙasa masu magana. Kowane kan jirgi da muryarsa da halinsa, wani mafaɗaci, wani matsoraci, wani mai son a yabe shi. 'Yata ba ta yarda ya wuce ta. Yayana yana tashi daga aiki ƙarfe uku, ya sauko daga bas, ya yi sallah, ya zauna a ƙasa kusa da ita da kofin shayinsa. Da farko cewa ya yi Turanci yake koya, don jiragen a hankali suke magana. Daga baya ya daina kawo wannan dalilin. Sai in ji shi daga kicin yana cewa, "Kai, ba haka ake haɗa tarago ba! Wa ya koya musu aiki?" Ita kuma ta yi ta dariya tana cewa Kawu ya yi shiru. Ni nake ɗaukar musu shirin a kaset don ranakun da muka fita.

Kashin da ya jawo mana masifa a kan wani ƙaramin jirgi ne mai ɗauko duwatsu daga kan tudu. Malalaci ne. Ran nan ya ce tayarsa na ciwo, gobe ya ce hayaƙi ya shaƙe shi, duk don a bar shi ya huta, har shugaban tasha ya gane ƙarya yake yi. Sai wata safiya birkinsa ya fara zamewa da gaske. Sau uku ya faɗa, sau ukun shugaban tasha ya ce ya wuce ya ba shi wuri. Da ya ɗauko duwatsu ya kama gangara, birki ya ƙi. Ya kwararo yana ihu, ya fasa ƙofar shinge, ya ragargaza rumfar kaya, taragu suka hau kan juna. Ba wanda ya mutu. Hukuncin da aka yanke masa shi ne a kwance usur ɗinsa, kuma a shirin da usur jirgi yake magana. Aka tura shi wani layi a bayan tasha, ciyawa ta fara fitowa a gindinsa, sauran jirage suna wucewa suna gaishe shi ba ya iya amsawa. Mai ba da labarin ya ce yanzu ya san illar ƙarya. Shi ke nan, aka sa kiɗan rufewa.

'Yata ta juyo ta tambaye ni ko gobe za a mayar masa da usur ɗin. Na ce ban sani ba. Yayana ya ajiye kofinsa. Ya tashi ya fita tsakar gida, shayinsa ya huce a ƙasa.

Ranar Lahadi ta zagayo, kuma mu ne da karɓar baƙi. Mu Hausawan garin a lokacin ba mu da yawa, muna zagaya gidaje ana cin shinkafa. Yara suka ce a sa musu kaset, kashin nan ya faɗo, manya suka bar hirarsu suka shiga kallo. Yana ƙarewa falon ya kaure.

Wata Hajiya 'yar Nijar ta ce ita dai hukuncin ya yi yawa, da a hana shi fita mako guda ya isa. Wani malami ɗan zangon Kumasi ya ce ai yara ba sa jin abu sai ya ba su tsoro, shi ya sa aka yi shi haka. Tsohuwar Baturiyar da ke maƙwabtaka da mu, wadda muke kai wa abinci duk Lahadi, ta ce ta kalla da jikokinta, ta rubuta wa gidan talabijin ɗin wasiƙa ta ce mugunta ce, ba su ba ta amsa ba.

Maigidana ya bari duk suka gama, sannan ya ajiye cokali. "Ni a wurina babu kashin da ya kai wannan," in ji shi. "Wanda ya saba ƙarya shi ya zubar da gaskiyarsa da hannunsa. Da ni ne shugaban tashar, narka shi zan sa a yi."

Yayana yana can ƙarshen tabarma. Ya ce, "Malam, wa ya duba birkin?"

"Yaya, ai maƙaryaci ne."

"Na ji maƙaryaci ne. Wa ya duba birkin? In jirgi ya ce birki, ko shaiɗan ne ya faɗa, sai ka sunkuya ka duba. Minti biyar ne. Mutumin nan bai ko tashi daga kujera ba, kuma da aka gama shi ne yake yanke hukunci."

Maigidana ya yi 'yar dariyar nan tasa ta aji. "To, kowa dai da ɓangaren da yake jin ya fi kusa da shi. Wanda aka taɓa kora daga aiki dole ya ga laifin shugaba."

Yayana ya daki farantin gabansa da tafin hannu. Farantin tangaran ne, ya rabe uku, shinkafa ta watsu har kan zanen Hajiya, jini ya biyo gefen hannunsa. Maigidana ya miƙe tsaye ya ce, "A gidana kake." Malamin Kumasi ya shiga tsakaninsu yana salati. Ni na durƙusa ina tsince tangaran, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Da yamma ina ɗaure masa hannun a kicin, ya faɗa mini abin da bai taɓa faɗa ba. Ya ce shi ya rubuta a takarda cewa birkin taragun nan ba za su riƙe ba, ya kai wa na gaba da shi. Aka ce jirgi ya riga ya makara, ya tafi haka. Da abin ya faru, takardar ta ɓace. Mutum uku suka rasu. A ɗakin da aka tsare shi, da gindin bindiga aka cire masa haƙoran don ya sa hannu cewa shi ne bai duba ba. Ya sa.

"Kada ki gaya wa mijinki," in ji shi. Ban gaya masa ba.

Daga ranar nan mutanen biyu suka daina cin abinci a kwano ɗaya. Maigidana kuma ya ƙirƙiro sabon horo. In yarinya ta yi laifi, bayan bel, sai ya zaunar da ita gaban talabijin ya sa mata kashin nan daga farko har ƙarshe, yana tsaye a kanta. "Kin ga abin da ake yi wa marar jin magana?" Ita kuma tana kallo tana shessheƙa, ba ta da ikon kawar da kai. Ya fi yin haka in yayana yana wurin aiki. Na yi masa magana sau ɗaya, ya ce in na san tarbiyya da ban taso a gidan da aka haifi irin yayana ba. Na yi shiru. Wannan shirun nawa har yau ina jin nauyinsa.

Wata Asabar da hantsi ina kicin ina tuƙa tuwo. Yayana ba ya aiki ranar, yana ɗakinsa. Sai na ji maigidana ya ƙwala wa yarinya kira da irin muryar da na sani. Ashe ta ɗauki burodi da man gyaɗa ta cusa a bakin bidiyon, ta danna da fensir har ciki, don kada a ƙara sa mata kaset ɗin. Da ya tambaye ta, ba ta yi musu ba. Ta ce ita ce, kuma ba ta son jirgin nan.

Na ji ƙarar ƙofar ɗaki, na ji ƙarar ƙarfen bel. Bugun farko a cinya ya same ta. Na biyu ta kare da hannu. Kafin in sauke tukunya ya yi mata huɗu, kuma ba da gefen fatar yake bugu ba, da gefen ƙarfen. Ta faɗi tsakanin kujera da bango tana ihu, ya jawo ta da ƙafa.

Yayana ya fito daga shi sai singileti. Ya kama bel ɗin a sama ya naɗe a hannunsa. Maigidana ya ja, ta ƙi zuwa.

"Sakar mini."

"Ya isa, Malam."

"'Yarka ce?"

"Na ce ya isa."

Maigidana ya saki bel ɗin ya kai masa naushi a baki. Na ji ƙarar daga bakin ƙofar kicin. Leɓen yayana ya fashe. Ya tofar da jini a kan kafet, ya dubi jinin, sannan ya sunkuya ya rungumi maigidana ta ƙugu ya ɗaga shi sama ya maka shi a kan teburin tsakar falo. Teburin gilashi ne. Ya tarwatse, gidan gaba ɗaya ya girgiza, talabijin ya sulmiyo daga kan kantarsa ya kife a ƙasa yana hayaƙi.

Na fizgo yarinya na tura ta waje ta ƙofar baya, na ce ta ruga gidan tsohuwa. Da na dawo, maigidana ya rarumi ƙafar teburin da ta karye yana dukan yayana da ita a haƙarƙari, ya ƙara masa a kafaɗa. Bayan rigarsa duk gilashi da jini. Yayana ya kama itacen ya murɗe, na ji wani abu ya yi ƙas a hannun maigidana, ya ƙwalla ƙara. Duk da haka bai bari ba, ya kafa haƙora a damtsen yayana ya ƙi saki. Suka yi birgima cikin gilashi, suka ture fulas ɗin shayi, suka bugi bango har hoton aurenmu ya faɗo.

Sai yayana ya hau kansa. Ya danne masa ƙirji da gwiwa, ya zagaya bel ɗin nan a wuyansa, ya ja. Yana ja yana magana, amma ba da maigidana yake ba. "Na rubuta," yake cewa. "Na rubuta na kai muku. Na rubuta." Idonsa a buɗe amma ba ya ganin kowa.

Na kira shi. "Yaya! Yaya, don Allah! Don darajar Inna!" Na kama singiletinsa na ja har ta yage. Na daki bayansa da hannu, kamar bango nake duka. Fuskar maigidana ta kumbura ta yi baƙi ƙirin, harshensa ya leƙo, dugadugansa suna buga katakon ƙasa. Sannan bugun ya fara raguwa.

Muciyar tana hannuna tun daga kicin, ban ma san ban ajiye ta ba. Irin mai kaurin nan ce da na taho da ita daga gida, da sauran tuwo mai zafi a jikinta. Na riƙe ta da hannu biyu na ɗaga na sauke masa a gefen kai, daidai kunnen hagu, da duk ƙarfina.

Ya saki. Ya zauna daɓas a cikin gilashin, ya kai hannu kunnensa, jini yana fitowa ta tsakanin yatsunsa yana bin wuyansa. Ya ɗago ya dube ni. Bai zage ni ba, bai ce don me ba. Maigidana yana gefe yana tari yana amai, yana jan numfashi da wani irin sauti kamar ana zuƙar ruwa da tsinke.

Tsohuwa ce ta kira 'yan sanda. Motoci biyu suka zo da motar asibiti, maƙwabta suka fito bakin ƙofofinsu. Aka sa wa yayana ankwa a kan matakalar gida yana zubar da jini, aka fitar da maigidana a gadon ɗaukar marasa lafiya. Wata 'yar sanda ta karɓe muciyar daga hannuna ta sa a leda, ta tambaye ni mene ne wannan. Na rasa Turancin da zan faɗa mata, na ce abin girki ne. Sannan ta ɗaga rigar 'yata ta ga shatar ƙarfen bel a cinyarta da bayanta, sabo da tsoho. Ta daɗe tana kallona kafin ta rubuta.

An yi wa maigidana ɗinki a baya wuri bakwai, aka sa masa filasta a hannu, ya yi kwanaki muryarsa ba ta fita sosai. Yayana ya kwana biyu a tsare. Wani Alhaji dattijo mai garejin gyaran mota a Pleasant Garden, wani ɗan ƙauye kudu da garin, wanda duk muke kira Baba, shi ya tsaya masa aka sake shi. Ranar da muka je kotu a cikin gari, kowa ya zauna a benci daban, ni a tsakiya da yarinya a cinya. Maigidana ya ce ba ya son a ci gaba da ƙara, ina jin don ya san abin da hotunan jikin yarinya za su jawo masa. Duk da haka bai tsira ba. Aka ɗora masa zuwa wani aji na iyaye na tsawon watanni, kuma wata mata daga ofishin kula da yara ta riƙa zuwa gidanmu ba tare da sanarwa ba, tana duba jikin 'yata tana yi mata tambayoyi a ɗaki su biyu. Bai ƙara dukanta ba. Ko tsoro ne ko nadama, ban sani ba, bai taɓa faɗa mini ba, kuma mun ƙara shekara shida tare kafin mu rabu.

Yayana bai sake taka gidan ba. Baba ya ba shi ɗaki a bayan gidansa, ya ɗauke shi aiki a gareji. Malamin Kumasi ne ya zo ya kwashe masa kayansa, shi ne kuma ya gaya mini likita ya ce kunnen hagun ya mutu, ba zai ƙara ji da shi ba.

Bas ba ya zuwa Pleasant Garden, ni kuma ban iya mota ba, kuma ba zan roƙi maigidana ya kai ni ba. Na kira waya sau da yawa, matar Baba ta ce yana gareji. Sai na roƙi Hajiya 'yar Nijar ta koya mini tuƙi. Wata huɗu muna zagaya filin ajiye motoci na wani kanti da safe bayan na kai yarinya makaranta, tana yi mini faɗa rabi da Hausa rabi da Faransanci. Sau biyu na faɗi jarrabawa, a na uku na samu.

Ranar da na fara fita ni kaɗai, na ari motarta, na yi dambun shinkafa da soyayyen kifi na zuba a kula, na kama hanyar kudu. Motoci suna ta yi mini hon don ina tafiya a hankali. Na wuce gidan sau biyu kafin in gane shi.

Na same shi a ƙarƙashin wata tsohuwar mota, ƙafafunsa kawai ake gani. Na yi sallama bai amsa ba. Na zagaya ɗaya gefen na sake yi, sai ya turo kansa waje. Ya rame. Ya dube ni, ya dubi motar Hajiya da na ajiye a karkace rabi a kan ciyawar Baba.

"Wa ya kawo ki?"

"Ni na kawo kaina, Yaya."

Ya tashi zaune yana goge hannu da tsumma. Na durƙusa a kan simintin, na fara cewa ya yafe mini, kuka ya ci ƙarfina. Ya bari na yi mai isata. Sannan ya ce da ban buge shi ba da yanzu yana kurkuku har ƙarshen ransa, ni kuma ina takaba, don haka in tashi kada mai ya ɓata mini zane. Ya tambayi yarinya, na ce tana lafiya, ta fara karatu, kullum sai ta tambayi Kawu. Ya ce in kawo ta ranar Asabar, akwai kaji a bayan gidan za ta so su.

Muka zauna a kan wasu tsofaffin tayoyi, ya buɗe kular ya ci da hannu, ni ina zaune ta damansa. Da zan tafi ya karɓi makullin ya gyara wa motar tsayuwa, ya fitar mini da ita har bakin titi, ya tsaya yana nuna mini da hannu lokacin da zan shiga.